Labarin Matuƙi A Tambayi Hannunsa

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, wanda duk ke bin labarin gida ya san cewa 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan Jihar Neja, har ta kai sau da dama jirgin sama mai saukar ungulu ne ke ɗauko wanda aka jikkata. Ranar 14 ga Agusta 2023 wani jirgin sojan sama ƙirar MI-171 ya tashi daga filin makarantar firamare ta Zungeru da sojojin da suka ji rauni, ya nufi Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a Shiroro. Allah ya jiƙansu. Amma bayan addu'a wajibi ne mu dubi nauyin da muke ɗora wa matuƙan nan.

Matuƙin wannan jirgi ba shi da gaɓar da ke hutawa. Hannun dama na riƙe da sandar karkata jirgi, na hagu da sandar hawa da sauka, ƙafafu biyu kuwa na bisa matakan da ke juya wutsiya. Tun 1969 wasu Amurkawa, Cooper da Harper, suka tsara ma'auni daga 1 zuwa 10 wanda matuƙi zai faɗi wahalar da ya sha. To, soja ba ya son cewa ya gaji. Saboda haka masana suka koma ga na'urar da ke rubuta motsin sandunan. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan sai a tambayi hannu. In gyare-gyaren sanda suka yawaita, suka yi sauri, alama ce aiki ya kusa fin ƙarfin mutum.

Ƙura na cikin manyan masu jawo haka. A Kabba, ranar 2 ga Fabrairu 2019, jirgin da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Osinbajo, ya tayar da ƙurar da ta rufe wa matuƙa ido yana sauka, ya kife, Allah ya tsirar da kowa. Wanda ya san filayen Kontagora da rani ya san wannan ƙura.

Wani zai ce motsin hannu ba ya nuna fargabar harsashi ko ruɗanin rediyo. Gaskiya ne, shi ya sa za a haɗa shi da bakin matuƙin, amma ba hujja ba ce ta watsar da shi.

Kiranmu ga hukuma shi ne a riƙa karanta waɗannan na'urori bayan kowace tafiya, kada a jira sai an yi haɗari. Kontagora, mai barikin soja da cibiyar horar da mayaƙa, ta cancanci shimfiɗaɗɗen wurin sauka kusa da asibiti. Ku da ke Kudu, ku sa ƙungiyoyinku su rubuta wa wakilanku na majalisa, domin ɗan wani daga cikinmu ne za a ɗauko gobe.