Tarbiyyar Yara a Gidajen Cin Abinci

Ya 'yan'uwa, fita da ƙananan yara zuwa gidajen cin abinci, musamman a ranakun Sallah, ya zama ruwan dare a biranenmu. Yin haka halal ne, sai dai yaran amana ne. Umar ɗan Abu Salama yana yaro Manzon Allah (SAW) ya koya masa yin bisimilla, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. To, mene ne hujjar uban da zai cika wa ɗansa faranti ya yi wasa da shi, alhali almajiri tsaransa na bakin ƙofa yana jiran saura? Yaro abin da ya gani yake ɗauka. A saya masa daidai cikinsa, a sa shi ya miƙa wa mabuƙaci da hannunsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.