Sharhi: Me ke sa jihohin Democrat ba ɗan Republican kujerar gwamna?

Ranar 6 ga Nuwamban 2018, mutanen jihar Massachusetts da ke arewa maso gabashin Amurka suka fita zaɓe. Sun mayar da Elizabeth Warren majalisar dattawa da kimanin kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u, ita kuwa tana cikin masu zafin ra'ayin kawo sauyi a jam'iyyar Democrat. A wannan takardar ƙuri'ar dai, suka sake bai wa Charlie Baker na Republican kujerar gwamna da kusan kashi 67. Lissafin a fili yake: dubban ɗaruruwan mutane sun zaɓi Warren, hannunsu bai ko yi rawa ba suka zaɓi Baker.

Kuma ba ranar aka fara ba. Rabon Massachusetts da zaɓen ɗan Republican a shugabancin ƙasa tun Ronald Reagan a 1984, amma daga 1991 zuwa 2007 duk gwamnoninta ƴan Republican ne. Maryland ta yi shekara takwas da Larry Hogan, daga 2015 zuwa 2023. A Vermont, jihar Bernie Sanders, Joe Biden ya samu kashi 66 a 2020, gwamna Phil Scott na Republican kuwa ya haura kashi 68 a wannan rana.

Wanda ya saba da siyasar "sak", a bi jam'iyya daga sama har ƙasa, zai ce mutanen nan sun ruɗe. A ganinmu sun san abin da suke yi sarai: aiki biyu ne daban, suka ɗauki ma'aikata biyu daban.

Sanata idan ya je Washington, ƙuri'arsa ta farko ita ce ta wace jam'iyya za ta riƙe majalisa, daga nan kuma wane alƙali zai shiga kotun ƙoli. Komai kirkinsa, ɗan tawagarsa ne. Gwamna kuwa aikinsa kasafin kuɗin jiha, hanyoyi, makarantu, gidajen yari, kwashe ƙanƙara daga tituna lokacin sanyi. Kusan kowace jiha doka ta tilasta mata daidaita kuɗin shiga da na kashewa, don haka mai jefa ƙuri'a manaja yake nema. Hogan ya ci zaɓen 2014 ne da kukan haraji, bayan gwamnatin Martin O'Malley ta ƙara haraji da kuɗaɗe iri-iri, har da wanda jama'a suka laƙaba wa suna "harajin ruwan sama".

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ake yawan mantawa. A waɗannan jihohi Democrat ta daɗe da mamaye majalisar dokoki, har takan samu rinjayen da zai ture kujerar naƙin gwamna: kashi biyu cikin uku a Massachusetts, uku cikin biyar a Maryland. A 2019 Hogan ya ƙi sa hannu kan dokar kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa, majalisa ta ture shi, doka ta tabbata. Ke nan ɗan Democrat da ya zaɓi Hogan bai yi cacar komai ba. Abubuwan da yake so majalisa za ta kare masa, ya kuma samu wanda zai riƙa taka birki idan ƴan jam'iyyarsa sun buɗe bakin aljihu fiye da kima. Jam'iyya ɗaya da ta riƙe ko'ina shekara da shekaru, ko ta waliyyai ce, sai ta fara ɗaukar jama'a kayan gado.

Sai a duba irin ƴan Republican ɗin da ake zaɓa. Masu ra'ayin riƙau ne a kan kuɗi da haraji, masu sassauci a kan zamantakewa. Mitt Romney ya sa hannu a 2006 kan dokar inshorar lafiya ta Massachusetts, wadda daga baya ta zama samfurin dokar Obama. Scott ya tsaurara dokokin mallakar bindiga a 2018, ya kuma faɗa da bakinsa cewa Biden ya zaɓa a 2020. Hogan sunan marigayi Reagan ya rubuta a takardarsa don kada ya zaɓi Donald Trump. Ƙari a kan haka, a Massachusetts fiye da rabin masu rajista ba su da jam'iyya, kuma zaɓen gwamna yana faɗowa ne a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, lokacin da masu fita suka ragu.

Ba mu ce kowane "manaja" ya cika sunansa ba. A ƙarshen mulkin Baker, jiragen ƙasan birnin Boston sun lalace har hukumomin tarayya suka shigo bincike, aka rufe layi guda na wata ɗaya cur a 2022. Mai taka birki wani lokaci gyaran ma yakan take.

Inda za a gane cewa masu zaɓen da gangan suke yi shi ne idan gwamnan ya nemi Washington. William Weld ya sake cin gwamnan Massachusetts a 1994 da kusan kashi 71, bayan shekara biyu ya nemi sanata, John Kerry ya kayar da shi. Hogan ya sauka yana da farin jini, ya nemi sanata a 2024, Angela Alsobrooks ta kayar da shi da rata mai faɗi. Mutumin bai canja ba, kujerar ce ta canja.

Ƴan Nijar mazauna Greensboro sun ga irin wannan ta ɗaya gefen: North Carolina ta zaɓi Trump sau uku, kuma a duk zaɓukan uku ɗan Democrat ta bai wa gwamna, Roy Cooper sau biyu sannan Josh Stein. Mu nan gida daga Yamai ake naɗo gwamnan Maraɗi ko na Damagaram, ba mu taɓa samun damar wannan rarrabewa a kujerar gwamna ba. Waɗanda suka samu takardun zama ƴan ƙasa a can suna da ita, kuma asara ce su miƙa wa jam'iyya guda takardar baki ɗaya ba tare da sun karanta ta layi-layi ba.

Sai dai abin yana ƙoƙarin ɓacewa, kuma daga cikin jam'iyya ake kashe shi. Ɗan takara sai ya ci zaɓen fidda gwani tukuna, masu fita wannan zaɓe kuwa su ne masu zafin kai. A 2022 Baker bai sake tsayawa ba, Republican ta tsayar da Geoff Diehl mai goyon bayan Trump, Maura Healey ta doke shi da tazarar kusan kashi 30. A Maryland ƴan jam'iyyar suka ƙi Kelly Schulz da Hogan ya so, suka ɗauki Dan Cox, shi ma Wes Moore ya yi masa irin wannan kaye. Masu zaɓen da suka ɗaga Baker da Hogan suna nan inda suke, ba a kawo musu wanda za su iya zaɓa ba ne. A cikin ukun Scott kaɗai ya rage, shi kuwa Vermont ta sake zaɓensa a 2024 da fiye da kashi 70, a ranar da ta mayar da Sanders majalisar dattawa.