Wa Ya Kafa Dokar Da Wuta Ke Bi?

A wannan mako za mu taɓo wata magana da ke shigo mana gida ta bakin 'ya'yanmu 'yan makarantar boko. Yaro zai dawo hutu ya ce an koya musu cewa dokokin halitta su ke tafiyar da rana da wata da ruwan sama. Uba kuwa sai hankalinsa ya tashi, yana tsoron kada ilmi ya raba ɗansa da imani. To, kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san asalin wannan kalma da abin da masu ita suka nufa.

Wanda ya yi fice wajen kafa ta a falsafar Turai shi ne Dekat, mutumin Faransa. Cikin shekarar 1644 ya bayyana dokoki uku na motsi. Ta farko ita ce kowane abu yana dawwama a halin da yake ciki, sai in wani abu daga waje ya sāke shi. Hujjarsa kuwa ita ce Ubangiji ba Ya canjawa, saboda haka yadda Yake riƙe da halitta ma ba ya canjawa. Watau a wurinsa doka ba ta tsayuwa sai da Mai doka.

Cikin 1687 Niyuton na Ingila ya fito da lissafin ƙarfin da ke jawo abubuwa zuwa ga juna, ya nuna cewa ƙa'idar da ke kayar da dutse ƙasa ita ce ke riƙe da wata a falakinsa. In nisa ya ninka biyu, ƙarfin jan sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan lissafi ne Hali ya faɗa a 1705 cewa wani tauraro mai wutsiya zai komo wajen 1758, aka kuwa gan shi a ƙarshen shekarar. Amma duk da haka, a 1713 Niyuton ya amsa cewa bai gano musabbabin wannan ƙarfi ba.

Nan ne gardama ta kaure. Dutse ba shi da hankali, yaya zai bi doka? Malbaransh, wani limamin Kirista na Faransa, ya ce halitta ba ta da tasiri ko kaɗan, Allah ne ke aikatawa a duk lokacin da abu biyu suka haɗu. Laibniz na Jamus ya ƙi, ya ce Mahalicci Ya sanya wani ƙarfi a cikin abubuwan su kansu. Isfinoza kuma ya wuce gona da iri, domin a 1670 ya musanta cewa wani abu zai iya saɓa wa dokokin, watau ya kore mu'ujiza. Daga baya Hiyum, mutumin Sikotilan, ya nuna a 1739 cewa idonmu bai taɓa ganin tilas tsakanin sababi da sakamako ba. Abin da muke gani kawai shi ne wannan ya biyo bayan wancan, sai sabo ya sa mu sa rai. Shi kansa ba ya nufin taimakon addini, amma ya tona raunin masu cewa sun ga tilas ɗin.

Mu Musulmi wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: muna ganin ƙuna a lokacin haɗuwarsu, amma ganin nan bai tabbatar da cewa wutar ce mai aikatawa ba. Ibnu Rushdi ya yi masa raddi, yana tsoron kada kore sababi ya rushe ilmi. Malamanmu na zaure, masu karantar da tauhidin Shehu Sanusi na Tilimsan, sun warware ta da abin da suke kira hukuncin al'ada: haɗin da ake tabbatarwa ta hanyar maimaituwa, wanda kuma yana yiwuwa ya saɓa. Shi ya sa wuta ba ta ƙone Annabi Ibrahimu, alaihissalamu, ba.

Saboda haka akwai ramuka biyu da za mu guje wa. Na farko, mutum ya ɗauka dokar ce ke aiki da kanta. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa takardar doka ba ta taɓa karɓar haraji ba, sai da hukuma a bayanta. Na biyu, mutum ya yi watsi da sababi da sunan tawakkali, ya ƙi kai ɗansa asibiti, ko ya jibge buhunan gyaɗa a ɗaki mai yoyo ya ce ƙaddara ce. Wannan raina al'adar da Allah Ya gudanar ne. Allah Ya ce tashi in taimake ka, in ji Hausawa.

Shawararmu ga iyaye ita ce kada mu tsawata wa yaro don ya ambaci dokokin halitta. Mu ƙarfafa shi ya ƙware a lissafinsu, sa'an nan mu yi masa tambayar da ta dami Dekat da Niyuton: wa ya kafa su, wa kuma ke riƙe da su?

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.