Kiɗa Ko Babu Waƙa Magana Ne

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba in an ce nazarin waƙa sai mu rungumi baituka, mu bar kiɗan a gefe kamar ɗan rakiya. A ganina kuskure ne, kuma ƙasar Brazil ta ishe mu misali.

A can, mutum biyu kan zauna gaban jama'a, ɗaya da jita, ɗaya da celo, wato ƙaton goge mai tsirkiya huɗu da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi. Celo ya ja sauti kamar muryar dattijo, jita ta riƙe masa kari, can kuma su yi musaya. Radamés Gnattali ya rubuta wa kayan nan biyu kiɗa a 1969. Heitor Villa-Lobos, wanda ya rasu a 1959, duka biyun ya iya kaɗawa.

Su sun rubuta kiɗansu, suna koyar da shi. Mu kuwa in mai kukuma ko gurmi ya rasu, baitukansa kaɗai ke shiga kundayen digirinmu, gwanintar hannunsa ta bi shi kabari. Mu gyara tun sauran suna raye.