Ba Ƙaddara Ba Ce, Sakaci Ne

Ƴan'uwana masu keke na Dungu da kewaye, yau da ku nake.

Wata rana mu bakwai muka tashi da asuba za mu ɗaurin aure Matameye, kowa bisa kekensa. Ba mu yi nisa ba, sai tayar ɗaya ta sace. Aka tambayi famfo, babu mai shi. Aka tambayi faci, shiru. Muka rufa wa ɗan'uwanmu asiri, wani ya ɗauke shi, wani ya ja keken. Can gaba kacar wani ta tsinke. Kafin mu isa an shafa fatiha, an raba goro, an watse. Da muka zauna inuwa, sai babbanmu ya ce: "Haka Allah ya ƙaddara."

Ni ban yarda ba. Allah ya ba mu hankali da hannu biyu. Mutum bakwai, keke bakwai, ba famfo ko ɗaya! Wannan sunansa sakaci.

Kowa ya san hanyoyinmu. Rairayi ne da ƙaya: ga tsidau, ga ƙayar aduwa, ga ta gawo. Waɗanda suka je ci-rani bakin teku, kamar Kwatano ko Lome, sun ga yadda iskar gishiri take sa ƙarfe tsatsa. Mu nan rairayi ne maƙiyinmu. In ka cika wa kaca mai, ƙasa ta manne, ta riƙa cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. In ka hau taya ba iska sosai, ka ɗora buhun hatsi ko damin rake, ƙarfen ƙafar zai matse robar ciki ya huda ta. Duk wannan ba a ɓoye yake ba.

Wani zai ce: "Ai akwai mai gyara." Gaskiya ne, akwai. Amma yana kasuwa cikin rumfarsa, ba ya tsakiyar daji. Wani kuma zai ce: "Kayan gyara da tsada." To, lissafa. Faci da man liƙi da sifana ɗaya ba su kai kuɗin cin kasuwa guda da ka rasa ba. In ma ba ka iya sayen famfo kai kaɗai, ku haɗa kuɗi ku saya tare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kowa ya dogara ga na wani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku ji labarin wani Bafaranshe, Eugène Christophe. A 1913, cikin babban tseren keke na Faransa, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaban kekensa ya karye bisa dutse. Dokar tseren ta hana a taimake shi. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya gangaro da ƙafa har wani ƙauye, ya shiga maƙera, ya ɗauki guduma ya gyara da kansa. Har tara aka ci shi don wani yaro ya zuga masa wuta. Duk da haka ya hau ya gama tseren. Mu ba wanda ya hana mu taimakon juna. Me zai sa mu kasa liƙe huda?

Ga yadda ake yi. Fitar da robar ciki, hura ta, tsoma ta cikin ruwa. Inda kumfa ya taso, nan hudar take. Busar da wurin, goga shi ya yi kaushi, shafa man liƙi kaɗan, jira ya sha iska, sannan ka danna faci. Kafin ka mayar, shafa cikin taya da yatsa a hankali, ka cire ƙayar. Wanda ya manta da wannan, zai sake tsayawa.

Kai da ka shiga yaƙi da jahilci, karatunka ma zai yi maka rana. Dubi gefen tayarka, akwai lamba: 26 ko 28. Rubuta ta kafin ka je saye, kada ka dawo da wadda ba ta shiga.

A 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, man da ke shigo mana ta Ɗan Barto ya yi tsada. Babur sai da mai, keke kuwa ƙafarka ce mansa. Shi ke kai yaro makaranta, shi ke zuwa neman magani da dare. Bai kamata a wulaƙanta shi ba.

Saboda haka, in za ku tafi tare, tun da yamma kowa ya duba iska da birki da kaca. A tambaya da babbar murya: wa ke da famfo? Wa ke da faci? In ba amsa, kada a tashi.