Whitby: Garin da Tatsuniya ta Danne Tarihinsa

A arewa maso gabashin Ingila, inda kogin Esk yake zubewa cikin teku, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Whitby, wanda jama'arsa ba su wuce dubu 13 da 'yan kai ba, amma Allah Ya hore masa tarihin da manyan birane za su yi masa hassada a kai. A bisa tsaunin da ke leƙen garin, wanda ake hawa ta matakala 199, a nan wata mata mai ilimi da zuhudu, Hilda, ta shugabanci zawiyyar masu ibada da Sarki Oswiu ya assasa a shekarar 657, kuma a nan ne a 664 malaman Nasara suka yi muƙabala a kan hisabin ranar Idinsu na Ista, domin saɓanin ya kai ga sarki yana shagalin idi alhali matarsa tana cikin azumi. Mu da muka san rigimar ganin wata ba ma bukatar a yi mana sharhi. Sarki ya yanke hukunci aka bi lissafin Rum.

A tashar garin kuma James Cook ya koyi tuƙi a jiragen dakon kwal, kuma jirginsa Endeavour, wanda ya kai shi Ostareliya, a nan aka ƙera shi a 1764.

To, abin takaici, galibin baƙin da ke tururuwa a yau ba ziyarar Hilda ta kawo su ba. Wani marubuci, Bram Stoker, ya sauka garin a 1890, ya ƙaga labarin Dracula, fatalwa mai shan jinin mutane, ya sa ta sauka a wannan gaɓa, har ta kai ga ma'aikatan cocin da ke kan tsaunin sun manna takarda suna roƙon jama'a su daina tambayar kabarin wanda bai taɓa rayuwa ba. Ba na zargin mai shago da ya sayar da abin da kasuwa ke so, tun da kamun kifi ya ja baya, kuma iyali sai da abinci. Laifin na hukuma ne da masu dukiya daga nesa, waɗanda suka saye gidaje suka mayar da su masaukin 'yan hutu, har 'ya'yan masunta suka rasa muhalli, abin da ya sa a 2022 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a, da gagarumin rinjaye, cewa sababbin gidaje su zama na masu zama dindindin kaɗai.