Haƙorin Ɓera da Kuɗin Bincike

Sau da yawa mukan ji ana yi wa masu binciken kimiyya ba'a, wai ina amfanin mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen bakin tayin ɓera, alhali kuwa jama'a na fama da yunwa da cuta? Mu dai a ganinmu wannan ba'a ta rashin hangen nesa ce, kuma ga hujjarmu.

Cikin ɓera kwana 19 ne zuwa 21. Wajen kwana na 11 sai fatar bakin tayin ta yi kauri a inda haƙori zai fito. A kwana na 13 ta nutsa cikin naman da ke ƙarƙashinta kamar toho, a na 14 ta zama kamar hula, daga nan ta koma kamar ƙararrawa. Waɗannan matakai su ne haƙorin ɗan Adam ke bi, tun daga wajen mako na 6 na ciki. Watau abin da ba shi yiwuwa a gwada a jikin mace mai juna biyu, ana iya ganinsa cikin 'yan kwanaki a jikin ɓera.

Lalle akwai bambanci. Ɓera haƙora 16 gare shi, ba ya famfara, haƙoransa na gaba kuwa ba su daina tsiro har ya mutu. Amma duk da haka darasin ya ci. A 1994 masana suka kashe wata ƙwayar gado mai suna Msx1 a jikin ɓeraye, sai haƙoransu suka tsaya a matakin toho. A 1996 aka gano cewa lahani a wannan ƙwaya ne ya hana wasu 'yan gida ɗaya cikar haƙora. A 2009 masana a Japan suka dasa wa ɓera tohon haƙori da suka harhaɗa a ɗakin gwaji, ya tsiro, ya yi tauna. A 2024 kuma aka fara gwada wa mutane, a asibitin Jami'ar Kiyoto, wani magani da ake fatan zai tsirar da haƙori, wanda tushensa binciken ɓera ne. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ko a gida ma ilmin yana da rana. Wanda ya san cewa haƙorin yaro tun a ciki yake ginuwa, zai gane dalilin da ya sa likitoci ke hana mai juna biyu shan tetirasaikilin, domin yakan rina haƙoran jariri.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, da matasan ma'aikata waɗanda gobe takardun kasafin kuɗi za su bi ta teburinsu: in aka kawo muku buƙatar wani bincike, kada sunansa ya ba ku dariya ku ture shi. Ku tambayi abin da ake son ganowa, da yadda za a gano shi, da wanda zai duba sakamakon. Tsakanin 1994 da 2024 shekara 30 ce cur. Ƙasar da ba ta da haƙurin irin wannan jira, kullum sai dai ta sayi maganin da wasu suka yi wa wahala. Allah ya sa mu gane.